Mutum-Mutumi da Ɗaukar Amana: Matsayin Ƙirƙirarriyar Basira a Ma'aunin Usulul Fiƙhu

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 2017, a wani taron masu zuba jari a birnin Riyad, aka sanar cewa Saudiyya ta ba wani mutum-mutumi mai suna Sophia, ƙirar kamfanin Hanson Robotics na Hong Kong, matsayin ɗan ƙasa. A watan Fabrairu na wannan shekarar kuma, Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta nemi a duba yiwuwar ba na'urori masu sarrafa kansu wani matsayi a gaban doka, domin a san inda za a ɗora alhakin ɓarnar da suka yi. Waɗannan al'amura biyu sun farfaɗo da tambayar da malaman usulu suka daɗe da tattaunawa: wace sifa ce take sa a fuskanci halitta da umarni da hani, har a ce tana da haƙƙi, akwai kuma haƙƙi a kanta?

Asalin mas'alar

Ƙera na'ura mai kwaikwayon motsin mutum ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. 'Ya'yan Musa ɗan Shakir sun wallafa Kitabul Hiyal a Bagadaza a ƙarni na tara Miladiyya. A shekarar 1206, Al-Jazari ya kammala littafinsa a Diyar Bakr, inda ya siffanta agogunan ruwa da mutum-mutumi mai zuba wa sarki ruwan wanke hannu. Sunan wannan fanni a wurinsu shi ne hiyal, wato dabaru, kuma sunan kansa ya nuna cewa hikimar ta maƙeri ce.

Abin da ya sauya a ƙarni na ashirin shi ne kwaikwayon tunani. A shekarar 1950, Alan Turing na Ingila ya kawo gwaji: idan mutum yana musayar rubutu da wanda ba ya gani, ya kasa bambance na'ura da ɗan'adam, to, na'urar ta ci jarrabawa. A 1956 aka yi taron Dartmouth a Amurka, wanda ya raɗa wa fannin suna. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a wasan shaɗaranji, sannan a ƙarshen 2022 manhajar ChatGPT ta kai zance da na'ura hannun kowa.

Irin wannan manhaja ana horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubucen mutane. Takan yi hasashen kalmar da za ta biyo baya, idan ta kuskure sai a gyara ma'aunan lissafin da ke cikinta, a maimaita haka ba adadi, har ta ƙware wajen jera zance mai ma'ana. Wannan ne ya sa takan kawo amsa mai kyau, kuma takan ƙago sunan littafin da babu shi da irin natsuwar da take faɗin gaskiya.

Furuci da hankali

Malaman manɗiƙi sun bayyana ɗan'adam da cewa dabba ce mai furuci, kuma sun fayyace cewa abin nufi da furuci shi ne ƙarfin riskar ma'ana. Da fitar da sauti kaɗai ake nufi, da aku ya shiga, bebe ya fita. Masanin falsafa John Searle ya zo da hujja mai kama da wannan a 1980: wanda bai san Sinanci ba, idan aka kulle shi a ɗaki da littafin ƙa'idojin haɗa haruffa, zai iya fitar da amsoshi daidai ba tare da ya fahimci ko kalma ɗaya ba. Gwajin Turing yana auna kamanni ne a idon mai sauraro, alhali kama da wane ba wane ba ce.

Imam Al-Gazali, a babin abubuwan al'ajabin zuciya na Ihya'u Ulumid Din, ya rarrabe kalmomi huɗu: zuciya, ruhi, nafsu da hankali, ya nuna cewa kowace tana da ma'ana da take komawa ga wani sirri na Ubangiji wanda shi ne mai sani, mai riska, abin yi wa magana da tuhuma. Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta mayar da al'amarin ruhi ga Allah, aya ta 72 a Suratul Ahzabi kuwa ta bayyana cewa sammai da ƙasa da duwatsu sun ƙi ɗaukar amana, mutum ya ɗauka. Abin lura shi ne, girma da ƙarfi ba su ne ma'aunin ɗaukar amana ba. Haka nan saurin lissafi.

Zimma da ahaliyya

Malaman usulu, musamman Hanafawa, sun kasa ahaliyya gida biyu. Ahaliyyar wajabci ita ce cancantar samun haƙƙi da hawan haƙƙi, tushenta zimma, wadda take tabbata ga mutum saboda mutuntakarsa. Shi ya sa ake ajiye wa ɗan tayi rabonsa na gado tun yana ciki, kuma mahaukaci yana mallakar dukiya. Ahaliyyar zartarwa kuwa ita ce ingancin maganar mutum da aikinsa, tushenta hankali da rarrabewa, tana cika da balaga. Tsarin ya nuna cewa ta biyu tana ginuwa ne a kan ta farko. Jariri yana da zimma ba shi da wayo. Na'ura tana da kamannin wayo ba ta da zimma. Saboda haka, duk yadda ta ƙware, tana cikin babin dukiya: ana sayenta, ana gadonta, ana ba da ita aro.

Mai tambaya zai ce: ai waƙafi da baitulmali suna mallaka, ana binsu bashi, alhali ba mutane ba ne. Haka ne, kuma malaman zamani irin su Mustafa Az-Zarƙa sun kafa hujja da su wajen tabbatar da zimma ta hukunci ga kamfanoni. Sai dai wannan zimma ta dukiya ce kawai, kuma a bayanta akwai mai kula da waƙafi ko shugaba da ake tuhuma. Ba ta ɗauke alhaki daga wuyan mutum.

Tasirin wannan a hukunci

Na farko shi ne lamuni. A watan Maris na 2018, wata mota mai tuƙa kanta da ake gwadawa ta kashe wata mata a garin Tempe na jihar Arizona, kuma mutumin da aka ɗora a kujerar direba don sa ido shi aka gurfanar. Fiƙhu yana da asalin da za a yi ƙiyasi a kai. A Risalar Ibnu Abi Zaid, mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunce abin da ta tattake. A Muwaɗɗa kuma, hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib ya ɗora tsaron gonaki da rana a kan masu su, ɓarnar dare kuwa a kan masu dabbobi. Ke nan ana bin sawun wanda iko yake hannunsa da wanda ya yi sakaci: maƙeri, ko mamallaki, ko mai amfani. Haɗarin ba na'ura matsayin mutum shi ne ta zama labulen da masu ƙera ta za su ɓuya a bayansa, jinin wanda aka zalunta ya tafi a banza.

Na biyu shi ne fatawa da ruwaya. Malaman hadisi sun sharɗanta adalci da kiyayewa ga mai ruwaya, kuma adalci ya ƙunshi Musulunci da balaga da hankali da tsoron Allah. An ruwaito daga Ibnu Sirin gargaɗin cewa ilimi addini ne, a duba daga wa ake karɓarsa. Na'ura ba ta tsoron hisabi, ba a jarraha ta, ba a adalta ta. Halal ne ɗalibi ya yi amfani da ita kamar fihirisa mai nuna masa hanya, amma wajibi ne ya koma ga asalin littafi da malami kafin ya jingina magana ga Allah da ManzonSa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Kammalawa

Abin da ya rage wa majalisun fiƙhu shi ne tafsili: yadda za a raba lamuni idan maƙera sun yi yawa, da hukuncin cinikin da na'ura ta ƙulla a madadin mai ita. Wannan aiki yana buƙatar faƙihi ya zauna da injiniya, domin hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Asalin dai tabbatacce ne: wanda aka hura wa ruhi, aka ɗora wa amana, shi ne za a tambaya. Allah ne Mafi sani.