Mu Karanta Kwanan Wata Kafin Mu Sayi Abinci

Ƴan'uwa, gwangwanin tumatir, sardin, madara da kwalin taliya duk suna ɗauke da kwanan wata. Galibi rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Idan muka ga 15/08/2027, ana nufin 15 ga watan takwas na shekarar 2027.

Rubutun iri biyu ne. Na farko, da Faransanci, shi ne "à consommer jusqu'au". A kayan Najeriya sau da yawa EXP za mu gani. Wannan iyaka ce. Abinci mai saurin lalacewa, kamar nonon leda, in ranar ta wuce kada mu ci, kada mu ba yara, don yana iya kawo amai da zawo.

Na biyu shi ne "à consommer de préférence avant". Ana sa shi a busassun kaya kamar shinkafa, taliya da biskit. In ranar ta wuce kaɗan, ɗanɗano yana iya raguwa, amma muddin leda ba ta huje ba, kuma babu wari ko ƙwari, ba sai mun zubar ba. Madarar jarirai kuwa ba a ƙetare ranarta ko kaɗan.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, mu bar shi ko da ranarsa ba ta cika ba. A gida mu ajiye kaya a inuwa, mu fara dafa wanda ranarsa ta fi kusa. Mu kuma karanta wa maƙwabtan da ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.