Bayan Sankarar Nono, Wata Shawara Mai Nauyi

Matar da likita ya tabbatar tana da sankarar nono takan ɗauka in aka yi mata fiɗa aka gama magani, wahala ta ƙare. To, amma akwai waɗanda wata tambaya ke jira a gaba, watau ko su yarda a cire musu ma'ajiyar ƙwai guda biyu da hanyoyinsu zuwa mahaifa, alhali kuwa cuta ba ta taɓa su ba.

Dalilin haka gado ne. A shekarar 1994 da 1995 masu bincike suka gano ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, masu aikin gyara ɓarnar da ke aukuwa cikin jiki. Wadda ta gaji BRCA1 mai lahani, ko daga uwa ko daga uba, haɗarin kamuwarta da sankarar ma'ajiyar ƙwai ya kai wajen kashi 40 cikin 100, a yayin da na sauran mata bai cika kashi 2 ba. Daɗin daɗawa, wannan ciwo ba ya nuna alama da wuri. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya kan mata fiye da 200,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa awon jini da ɗaukar hoton ciki ba su rage yawan mace-mace ba.

Saboda haka likitoci ke ba mai BRCA1 shawarar fiɗa tsakanin shekara 35 da 40, mai BRCA2 kuwa tsakanin 40 da 45, in ta gama haihuwa. Fiɗar takan rage haɗarin da misalin kashi 80 cikin 100.

Sai dai farashin ba ƙarami ba ne. Haihuwa ta yanke ke nan, haila kuma ta ɗauke nan take. Zafin jiki na farat ɗaya, rashin barci da raunin ƙashi sukan biyo baya, kuma haɗarin ciwon zuciya yakan ƙaru. Maganin da ake ba wasu mata don rage wannan wahala kuwa, galibi ba a ba wadda ta yi sankarar nono, don gudun kada ya farfaɗo da cutar.

Christina Applegate, 'yar wasan kwaikwayo ta Amurka, ta bi wannan hanya daki-daki. An gano tana da sankarar nono a 2008 tana da shekara 36, gwaji ya nuna BRCA1, aka cire mata nono biyu. Ba ta gaggauta ba: ta haifi 'yarta a 2011, sa'an nan a 2017 ta bayyana cewa an cire mata ma'ajiyar ƙwai.

Al'amarin ya shafi Nijeriya ƙwarai. Binciken da aka yi a Badun tare da Farfesa Olufunmilayo Olopade, aka buga a 2018, ya sami BRCA1 mai lahani a kashi 7 cikin 100 na masu sankarar nono, BRCA2 kuma a kashi 4. Duk matar da ciwon ya kama tana ƙuruciya, ko ya ci wasu daga danginta, ya kyautu ta tambayi likita batun gwajin gado tun da wuri. Sakamakon zai ba ta damar zaɓen lokaci da kanta, zai kuma faɗakar da 'yan'uwanta da 'ya'yanta.