KIFI BAI SAN IYAKAR ƘASA BA

Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne, tun daga tarwaɗa har zuwa shak, kifin nan mai haƙora na teku. Amma halaccin ci daban, izinin ƙarar da iri daban.

Masana sun liƙa wa wata shak na'ura a gaɓar Afirka ta Kudu cikin 2003. Kwana 99 ta yi ta isa Ostareliya, tafiyar wajen kilomita 11,000, cikin 2004 kuma aka gan ta ta komo. To, kifin wace ƙasa ce? Ga shi shak ba ta saurin balaga, 'ya'yanta kaɗan ne, saboda haka in ƙasa guda ta wuce kima wajen kamu, sauran duka sun yi hasara.

Kada mai karatu a Katsina ya ce ina ruwansa da teku. Kogin Gada da aka datse a Jibiya shi ne ke shiga ƙasar Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima. Ruwan Rima kuwa shi ke wucewa ta Argungu ya tarar da Kwara. Da damina kifi kan bi ambaliya ya hau fadamu ya yi ƙwai. Wanda ya tare shi a lokacin nan da taru mai ƙananan idanu, ko ya zuba gamalin a ruwa, abincin masuntan wani gari ya kashe, ba su ji ba, ba su gani ba.

Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya ruwa cikin abubuwa uku da jama'a ke tarayya a kansu. Manzon Allah (SAW) kuma ya keɓe makiyayar Naƙi'u don maslahar Musulmi, watau shugaba na da ikon rufe wuri. Kabawa sun daɗe da gane haka: a Matan Fada ana hana su sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman mutum.

Ma'aikatan gwamnati su sani rufe kamu a Jibiya ba zai wadatar ba sai an daidaita lokacinsa da hukumomin Maraɗi. 'Yan kasuwa kuwa nasu ya fi sauƙi. Masunci ba ya kama ƙananan kifi sai don ya tabbata akwai mai saye a Katsina.