Notin tayar kamyon: ƙarfi kaɗai ba ya ɗaure shi

A kan hanyar RN1, tsakanin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa, akan ga yaron mota ya zura bututu a sifana yana tsalle a kai. Wannan na miƙar da ƙusar taya har ta karye ana cikin gudu, tayar ta fice ta afka wa mutane.

Ana fara goge yashi da tsatsa, sannan a ɗaure notin a gicciye, kowane sai na daura da shi. Manyan kamyon da yawa na buƙatar kusan Nm 600, da sifana mai awo. Bayan kilomita 50 zuwa 100 direba ya tsaya ya sake ɗaurewa, domin ƙarfe kan zauna. Jan tsatsa kewaye da noti alama ce ya saki.