Masu Zanen Littattafan Yara a Fotugal: Abin da Na Koya

Ni ɗalibin sashen zane ne, kuma na gaji da jin tambayar nan: "To, in ka gama, zanen ne zai ciyar da kai?" Wani aiki da malaminmu ya ba mu kan tarihin zanen littattafan yara a ƙasar Fotugal ne ya ɗan kwantar min da hankali.

Abin da ya fara ba ni mamaki, manyan masu fasaha ne suka riƙa yi wa yara zane. A 1911 Raul Lino, wanda ya yi suna wajen tsara gine-gine, ya ƙawata littafin waƙoƙin dabbobi na Afonso Lopes Vieira. Maria Keil kuwa, wadda ta tsara tayil ɗin da ke bangon tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Lisbon, ta shafe shekaru tana yi wa littattafan Matilde Rosa Araújo zane. Ba su ɗauki aikin yara a matsayin ƙaramin aiki ba.

Kuma fa ba cikin sauƙi suka yi ba. Daga 1933 zuwa 1974 ƙasar tana ƙarƙashin mulkin kama-karya, ana tace abin da za a buga, har da na yara. Bayan juyin 25 ga Afrilu 1974 ne aka samu sarari. Manuela Bacelar, wadda ta yi karatu a Prague, ta ci babbar lambar yabo a gasar zane ta Bratislava a 1989. A 1996 aka kafa lambar yabo ta ƙasa don masu zanen littattafai, ita ce kuma ta fara lashe ta.

Wanda ya fi burge ni shi ne Planeta Tangerina. Wasu abokai ne suka kafa shi a 1999, ɗan ƙaramin kamfani. A littattafansu hoto ba ado ba ne kawai, shi ma yana ba da labari. A 2013 baje-kolin Bologna na Italiya ya zaɓe su gwarzon mawallafin littattafan yara na Turai.

To, 'yan uwa, ƙannenmu nawa ne ke da littafin Hausa mai hoto mai kyau? Masu rubutu suna nan cikin makarantar nan, masu zane ma muna nan. Ni dai na fara nawa, shafi takwas. Mai labari ya neme ni a sashenmu.