Sauya Wurin Aiki da Bambancin Albashin Maza da Mata

Tun shekarar 1951 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da shawara cewa idan aikin mace da na namiji darajarsu ɗaya, to, ladansu ma ya zama ɗaya. Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya a 1974. Amma doka ba ta kawar da bambanci ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan yana wurin da ba a cika dubawa ba, watau ranar da ma'aikaci ya bar wani wuri ya koma wani.

A 1992 waɗansu masana biyu na Amurka, Robert Topel da Michael Ward, suka bi labarin samari ma'aikata na ƙasarsu. Suka tarar saurayi yakan riƙe ayyuka kamar 7 cikin shekarunsa 10 na fari, kuma aƙalla sulusin ƙarin albashinsa na wannan lokaci a wajen sauya aiki yake samunsa. Ashe ƙaura ita ce tsani.

To, mace ma tana ƙaura, sai dai sau da yawa ba don kuɗi ba. A ƙasar Danmak, Henrik Kleven da abokansa sun duba lissafin jama'a daga 1980 zuwa 2013. Kafin haihuwar fari, samun miji da na mata tafiya suke kafaɗa da kafaɗa. Da zarar an haihu, sai nata ya faɗi, nasa kuwa bai motsa ba; bayan shekaru da dama tana bayansa da misalin kashi 20 cikin 100. Waɗansu sun rage sa'o'in aiki, waɗansu sun bar kamfani sun koma aikin Gwamnati, ko wurin da ake rangwame wa mai goyo. Ba laifi ba ne, gama yaro ba ya jiran a tashi ofis, amma a albashi ake biyan rangwamen.

Har wa yau akwai wani tarko. Sabon maigida yakan tambayi nawa ake biyan mutum a dā, sa'an nan ya ɗora kaɗan a kai. Wadda aka rage wa tun farko, ragin nan zai bi ta duk inda ta je. Saboda haka Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi doka a 2016, ta fara aiki a 2018, wadda ta hana a yi wa mai neman aiki wannan tambaya kafin a yanka masa albashi.