Shirin Musamman: Ina Jaririn Ya Kwana?

Yau ɗakin mai jego za mu leƙa, daga Samaru har Sabon Gari.

Akwai mutuwar da ba ta aiko zazzaɓi ko gudawa. A shayar da jariri da daddare lafiya lau, a wayi gari babu rai. Sai ka ji ana raɗa cewa danne shi aka yi, uwa ta kwana da wannan zargi har tsufa. Rai na Allah ne, haka ne. Amma likitocin yara sun daɗe da lura cewa abin ya fi aukuwa kafin wata 6, musamman tsakanin wata 2 da 4, kuma yanayin kwanciya yana da hannu a ciki. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina kwantar da jarirai ruf da ciki, a 1994 aka shiga gangamin a kwantar da su rigingine. Cikin shekara 10 irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi a can.

To, a nan gida wa zai shawo kan kaka? Ita tsoronta tumbuɗi, kada ya sarƙe yaro. Ma'aikacin lafiya bai kamata ya yi mata dariya ba, bayani zai yi. Idan jariri yana rigingine, hanyar numfashi tana sama, ta abinci tana ƙasa, nonon da ya dawo sai ya koma inda ya fito. Ruf da ciki ne ke juya lamarin.

Ni a ganina, inda muke kuskure shi ne karanto shawarar Turai yadda take. Ka ce wa matar da ke ɗaki ɗaya a gidan haya a Hayin Dogo ko Muciya ta sayo gadon jariri, alhali katifa ɗaya ce, gidan sauro ɗaya, ga yayyensa biyu? "To" za ta ce, ta fita. Shimfiɗarsa daban kusa da uwa ita ta fi, in da hali. In babu, a faɗa mata abin da za ta iya: shimfiɗa mai tauri, a janye filo da bargo daga fuskarsa, yayye su koma gefe, kada barci ya ɗauke ta da shi a kan kujerar kushin. Bakwaini kuwa, ko gidan da ake shan sigari, ko uwar da ta sha maganin da ke sa barci, nan kam a raba shimfiɗa.

Sai hunturu. Hula, safa, rigar sanyi, shawul, a ƙara tawul, a rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon garwashi. Zafi ya yi wa yaro yawa, ga iskar garwashi mai kisa ba ƙamshi ba wari, irin ta janareta. A taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa; in da gumi, a rage kaya. Zazzau ba baƙuwa ba ce ga zancen illar zafi a ɗakin jego, don tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta.

Daga asibitin koyarwa na Shika har ƙaramin asibitin unguwa, abin da uwa ta ga nas ta yi a ɗakin haihuwa shi za ta yi a gida. Kuma 'yar haihuwar fari sau da yawa wankan gida take tafiya, inda maganar Inna da ungozoma ta fi ta likita ƙarfi, don haka a kira su a yi bayanin a gabansu. Ga ranar awo, ga rigakafin sati 6, 10 da 14. Kafin a soka allura, Sista, tambaye ta: jiya ina yaron nan ya kwana, da su wa, kuma me aka lulluɓa masa?